Me ya sa Kazakawa suka fi riƙe azurfa a kan zinare, kuma ya ake gane ta gaske?

"Salam Malam, barka da aiki. Ƙanena yana karatun likita a Almati ta ƙasar Kazakistan, ya turo min hotunan bikin wani abokinsa ɗan can, amarya ta sa wata doguwar hula mai tsini duk an lulluɓe ta da azurfa, ga mundaye manya-manya ga zobba, amma zinare kam ban gani ba. Rashin kuɗi ne ko al'ada? Sannan ina so in tura masa kuɗi ya sayo min munduwa da zobe irin nasu kafin ya zo hutu, ya zai gane na gaske kar a cuce shi?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tambayarki biyu ce a haɗe, dalilin da ya sa mutanen nan suka riƙi azurfa, da kuma yadda ƙanin naki zai shiga kasuwa ya fito ba a yi masa sakiyar da ba ruwa ba, kuma in kika gane ta farkon to rabin ta biyun ta warware da kanta. Ni maƙerin fari ne, gado na yi, azurfa nake narkawa tun ina yaro, kayan Kazakawa kuma suna biyowa ta hannuna jefi-jefi, wasu gyara ake kawowa wasu kuma 'yan kasuwa masu zuwa Istanbul da Dubai ne ke haɗowa cikin kaya su ce in duba musu, don haka ta fuskar mai riƙe awartaki zan ba ki amsa.

Maganar talauci dai ki cire ta gaba ɗaya. A 1969 aka tona wani tsohon kabari a Isik, nan kusa da Almatin da ƙaninki yake, aka samu gawar wani basarake na mutanen Saka, tsofaffin mazauna yankin, an lulluɓe tufafinsa da gutsattsarin zinare sama da 4,000, shekararsa fiye da dubu biyu a kwance, kuma har gobe ƙasar tana haƙo zinare tana sayar wa duniya. Ƙasa ce da ta san zinare tun kafin a san sunanta. Sai dai Kazakawan da suka bar mana irin kayan da kika gani a hoton, wato na ƙarni na 18 da na 19 zuwa farkon na 20, makiyaya ne, dawaki da tumaki da raƙuma masu tozo biyu, su yi rani a wani wuri su yi sanyi a wani, ɗakinsu na gashin tumaki ne da ake naɗewa a ɗora wa raƙumi. Mutumin da ke wannan rayuwar dukiyarsa ko dai ta yi tafiya da ƙafarta ko kuma a sa ta a jiki, babu ta uku. Abin da ke wuyan matar gida da hannunta da kitsonta shi ne asusun gidan, ranar da ƙanƙara ta rufe ciyawa dabbobi suka mutu to shi za a ciro a sayi hatsi.

Dalilin da ya sa azurfa ce ba zinare ba

Akwai imani a ciki. Su a wajensu azurfa tsarki ce, tana kore dauɗa da baki da maita. Ranar da jariri ya cika kwana 40 ana yi masa wanka da cokali 40 na ruwa, a jefa kuɗin azurfa ko zobba a cikin kwanon, bayan an gama matan da suka yi wankan su raba. Tsofaffinsu kuma suna cewa abincin da mace ta dafa babu zobe a hannunta ba mai tsarki ba ne, shi ya sa ko matar da ba ta da komai za ki same ta da ɗan siririn zoben azurfa. Ga addini ma, Musulmi ne, kin san namiji ba ya sa zinare, don haka ɗamarar maza da kuben wuƙa da sirdi da linzami da likkafa duk azurfa ake kai musu.

Amma ni abin da na fi ba wa nauyi shi ne abin da ke zuwa hannun maƙeri, don maƙeri ba ya ƙera abin da bai samu ba. Maƙerin adonsu, zerger suke ce masa, ba shi da shago ba shi da jari. Kayan aikinsa ƙaramar uwar maƙera ce da zuga-zugi da masaɓa ƙanana da magagari da ƙusoshin zane, duk su shige jaka ɗaya, mai kuɗi zai aiko a ɗauke shi ya je rugarsu ya zauna wata da watanni yana haɗa kayan auren 'yarsa, a ciyar da shi a sallame shi da dabba. Azurfar kuma mai aikin ne ke kawowa, kuma hanya biyu take shigowa. Daga gabas dunƙulen azurfa na ƙasar Sin, jambi suke kiransa, wanda har gasar harbi suke yi a rataye shi a kan sanda wanda ya tsinke igiyar daga kan doki ya ɗauke. Daga arewa kuma kuɗin Rasha, tunda daga 1731 da ɗaya daga cikin sarakunansu, Abulhair, ya shiga ƙarƙashin kariyar Rasha ƙasar ta riƙa shiga hannun Rashawa sannu a hankali har zuwa wajajen 1860, makiyayi ya kora dabbobi kasuwar garin Orenburg na Rasha ya dawo da jakar sulalla. Mu ma kakanninmu haka suka yi da liyari, wancan kuɗin mai kan Mariya Tariza, shi ake narkawa a yi munduwa a Kano da Agadas. Zinare ba ya yawo a kasuwar dabbobi da wannan yawan, azurfa ce kuɗin ciniki.

Ki riƙe wannan don zai yi mana amfani a gaba, sulallan ba ɗaya ba ne. Rubul guda na ƙarshen zamanin sarakunan Rasha giram 20 ne, kashi 900 cikin 1,000 azurfa. Ƙananan kuma, 'yan kobek 10 da 15 da 20, tun 1867 aka rage su suka koma 500, rabi azurfa rabi jan ƙarfe. To uwar amarya ta kwance ƙullinta ta zube wa maƙeri manya da ƙanana da karyayyen ɗan kunnen kakarta, ya haɗa duka a tukunya ɗaya, abin da ya fito shi ne ya fito.

Sannan ga son girma. Adonsu ba na ɓoyewa ba ne, so ake a hango shi daga kan doki, allon ƙirji kaɗai sai ya sauko daga wuya har cibiya. Wa zai iya wannan da zinare zalla? Zinaren suna amfani da shi amma shafe, a narka shi cikin zaiba a shafa a kan azurfa a kai wuta zaibar ta tashi zinaren ya zauna. Aiki ne mai kyau da daɗewa amma hayaƙin guba ne, yana lalata jijiya, ni ba na yi kuma ba na barin yarana su yi.

Abin da kika gani a jikin amarya

Hular nan mai tsini saukele ce, tsawonta kan kai santimita 70, asalinta gashin tumaki ne da aka daddanne aka rufe da karan-miski ja, sannan a jera mata allunan azurfa da murjani da lu'ulu'u, a saki dogayen jeren duwatsu ta gefen kunnuwa biyu har ƙirji. Ita ce mafi tsada a kayan da iyaye ke haɗa wa 'yarsu, ta gidan masu hali da garken dawaki ake yi mata kuɗi. Amarya kan sa ta ranar kai ta da lokutan zuwan baƙi har wajen shekara ko zuwa haihuwar fari, daga nan ta koma farin lulluɓin matan aure da ake kira kimeshek. Ta bikin zamani dai yawanci haya ake ɗaukowa kuma adon jikinta ba lallai azurfa ba ne, kar hoton ya ruɗe ki.

Kusan kowane abu yana faɗin matsayin mai shi. 'Yan mata suna ɗaura sholpi a ƙarshen kitso, jeren sulalla ne da 'yan alluna masu nauyi, in yarinya ta yi gaggawa sai ya yi ta kacau-kacau kowa ya ji, dole ta koyi tafiya a natse. Baiko kuwa 'yan kunne ne, matan dangin ango su zo su sa wa yarinya da hannunsu, shi ke nan an kama. Akwai tumar, gidan laya ne na azurfa mai kusurwa uku ko mai siffar gora da ake sa rubutu a ciki. Akwai bes bilezik, munduwa ce da aka haɗa da zobban yatsu da 'yan sarƙoƙi ta bayan hannu. Akwai zobe mai tsini kamar bakin tsuntsu, kus tumsik. Wanda ya fi burge ni shi ne kudagi juzik, ƙaton zobe mai kai ɗaya da ƙafa biyu da ake zura wa yatsu biyu a tare, uwar amarya ke ba uwar ango, ma'ana gida biyu sun zama ɗaya, ga 'yata nan ki riƙe min amana. In ƙaninki ya ga wannan ya yi masa kyau ya sani na surukai ne, dattijuwa ke sa shi.

Yanki ma yana da hannunsa. Na yamma, Mangistau da Atirau da Aktobe ta wajen tekun Kasbiyan, kaya ne masu kauri da faɗi da nauyi, an shafe su da zinare an cika su da 'yan ƙwayoyin azurfa, sun yi kusa da na maƙwabtansu Turkumawa. Na tsakiya da arewa da gabas sun fi sauƙi a hannu, zane ya fi yawa da baƙin ado da saƙar waya. Zanen da za ki fi gani ko'ina shi ne ƙahon rago, koshkar muyiz, layi biyu da suka murɗe waje, sai sawun raƙumi da fiffiken tsuntsu.

Aiki biyu da ke raba gwani da ɗan koyo

Na farko ƙwayoyin. In kika kalli tsohuwar munduwar yamma za ki ga 'yan dunƙulen azurfa ƙanana kamar ƙwayar gero an jera su dala-dala, uku a ƙasa biyu a sama ɗaya a ƙoli, ko an zagaye dutse da su. Yadda ake yi, ka ja waya siririya ka yayyanka ta daidai wa daida, ka barbaɗa a cikin garin gawayi yadda ba za su taɓa juna ba, ka kai wuta, kowane guntu ya narke ya dunƙule kansa. Wannan ba wuya. Wuyar ita ce zaunar da su, ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinke a kan danƙo, a sa sinadarin liƙe ƙarfe ɗan kaɗan, sannan a hura wuta daidai inda sinadarin zai gudu amma ƙwayar ba ta narke ba, azurfa zalla tana narkewa a digiri 961 kuma tsakanin ya kama da ya lalace numfashi ɗaya ne, in ka ƙara sai dalar ta zube ta zama curi. To na jabu ba ya wannan wahalar, tsohuwa ɗaya ake samu a ɗauki siffarta a yi ta zubi. Gane shi sauƙi ne da shi, a sa gilashin ƙara girma ko kyamarar waya a duba gindin ƙwayoyin, na hannu kowace zagayayya ce har ƙasa akwai 'yar inuwa a ƙarƙashinta kuma girmansu bai zo ɗaya cif ba, na zubi kuwa rabin ƙwallo ne da ya narke cikin allon, tsakaninsu a cike.

Na biyu baƙin ado. Ba fenti ba ne. Azurfa ake narkawa da jan ƙarfe da dalma a zuba farar wuta, ya zama wani baƙin abu mai gautsi, a daka shi a cika ramin zanen a mayar wuta ya narke ya kama, sannan a goge har ya yi daidai da fuskar azurfar. Na gaske in kika shafa da yatsa ba ki jin gaɓa, in kika karkata shi a haske yana da ɗan ƙyalli mai ruwan toka zuwa shuɗi. Na ƙarya baƙi ne wuluk a cikin rami, farce ko ɗan man goge farce yana ɗebe shi.

Me ya sa tsoho na gaske ya yi wuya

A 1928 gwamnatin Sobiyat ta ƙwace dukiyar manyan masu dabbobi, daga baya ta tilasta wa makiyaya zama wuri ɗaya a gonakin haɗaka, dabbobi suka ƙare, yunwar 1930 zuwa 1933 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. A shekarun ne aka buɗe shagunan Torgsin da ke karɓar zinare da azurfa su ba da gari, mata suka kwance kayan kakanni suka miƙa aka narkar. Waɗanda suka tsere Sin da Mongoliya da Afganistan suka tafi da nasu. Masu ba maƙeri aiki sun tafi, sana'ar ta kusa mutuwa, sai daga baya irin su marigayi Darkembai Shokparuli suka bi tsofaffi suka tattaro ta suka koyar, bayan 'yancin kai a 1991 kuma kasuwarta ta dawo. Kin ga kenan tsohon kaya na asali ba shi da yawa, mafi kyawunsa yana gidajen tarihi ko a hannun dangi, amma a intanet kullum cike yake. Da yawan abin da ake kawo min da sunan tsohon na Kazak sabon aiki ne na maƙeran Afganistan da Pakistan a kan salon, an dafa shi ya yi baƙi, wani azurfa ce mai rauni wani ko ɗigo babu.

Abin da ƙaninki zai yi

Shawarata kar ya nemi tsoho sam. Ko ya dace da na gasken, fitar da kayan tarihi daga ƙasar sai da takardar izini, ɗalibi ba ya buƙatar wannan rigimar a filin jirgi. Ya nemi sabon aikin hannu na maƙeri mai rai. Kafin ya taɓa aljihu ya ba da yini guda a gidan adana zane-zane na Kasteyev da babban gidan tarihi na ƙasa, duk suna nan cikin Almati, ya cika idonsa da na asali, bayan nan kayan shagon tsaraba da kansu za su riƙa tona kansu. Kuma ya tafi da abokin nan nasa ango, ko ma ya roƙi mahaifiyar amaryar ta raka shi, ita ta san wanda ya yi wa 'yarta.

A shago ya tambaya da Rashanci, serebro ne, wato azurfa, ko melhiyor, sannan ya ce a nuna masa proba, hatimin da ke faɗin yawan azurfar. Melhiyor haɗin jan ƙarfe ne da nikel, fari ne tas yana ɗaukar zane, mafi yawan kayan rawa da na haya da shi ake yi, ba laifi ba ne in an faɗa an kuma sayar a kuɗinsa, sai dai wasu matan yana sa musu ƙaiƙayi. Sabon kayan azurfa zai ga 925 a ciki, ya karɓi rasit da aka rubuta nauyi da probar. Na zamanin Sobiyat yawanci 875 ne da tauraro. Na zamanin sarakunan Rasha yawanci 84 ake bugawa, lissafinsu na da ne, 84 cikin 96, daidai yake da 875, sai a 1927 aka koma lissafin dubu. Aikin ruga kuwa galibi ba hatimi ko ɗaya, wa zai kai shi ofishin awo? Shi ya sa in an gwada tsohuwar munduwa aka ga 600 ko 700 ba shi ke nuna jabu ce ba, sulallan nan ne da na faɗa miki, amma in mutum ya rantse miki ta shekara 150 ce daga ruga ga kuma 925 rangaɗau a cikinta, to a bar masa kayansa.

Maganadisu kar ya dogara da shi, ƙarfe kawai yake kamawa, melhiyor ma ba ya mannewa. Gwajin da nake yi a shago na ruwa ne. A auna munduwar a sikelin giram a rubuta, a ɗora kofin ruwa a sikelin a mayar da shi sifili, a ɗaura munduwar da zare a nutsar ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba, a raba nauyin farko da abin da sikeli ya nuna. Azurfar 925 tana ba da wajen 10.3, melhiyor wajen 8.9. Iyakarsa shi ne sai abu dunƙulalle marar dutse, in mai rami ne a ciki ko an cika shi da danƙo lissafin ya rushe, nan sai mai ruwan gwaji ko na'ura. Ni ma kaina ba na yanke hukuncin ƙarfe daga hoto, abin da hoto ke nuna min aikin hannu ne kawai, shi ma sai an ɗauko bayan kayan da cikinsa, don can ne sawun masaɓa da magagari da wurin haɗi suke, gaba kowa ya iya gyara ta.

Duwatsun kuma, jan nan aƙiƙ ne, in an haska shi da fitilar waya za a ga launin bai daidaita ba akwai gajimare ko layi-layi, gilashi kuwa launi ɗaya ne wani lokaci da 'yan kumfa. Shuɗin firuza ce, ita aka fi yi wa jabu da farin dutse da aka rina. Amma ko a tsofaffin kayan yamma akwai gilashi da aka shimfiɗa wa jan ƙyalle ko takarda mai launi a ƙasa, haka salon yake, ba cuta ba ce. Wajen farashi ya duba kuɗin giram na azurfa a ranar ya ninka da nauyin, abin da ya hau kai ladan hannu ne, a kan zubi bai kamata ya yi yawa ba, a kan ƙwayoyin hannu da baƙin ado na gaske kuwa ko ya ninka kuɗin azurfar sau da yawa ni ban ga tsada ba, na san zaman da aka yi.

Ki aika masa da awo. Zobe a can da faɗin cikinsa ake kiransa a milimita, 16, 17, 18, ki ɗora wanda ke yi miki daidai a kan rula ki auna ramin daga gefe zuwa gefe. Munduwar kuma mai buɗaɗɗen baki ce, ki zagaya wuyan hannunki da zare ki auna, don in ta zo ba daidai ba kika yi ta buɗewa da matsewa baƙin adon zai tsattsage ƙwayoyin su fara zuba, kuma gyaransa wahala ne tunda mayar da ita wuta yana narkar da baƙin kafin sinadari ya kama. In ta iso kar ki bari bilic ya taɓa ta, ki cire kafin wanki da wanke-wanke, turare ma a fesa ya bushe tukuna. In ta dushe ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa, toka da jiƙon tsamiya da muke yi wa mundayenmu na gida suna cinye shafen zinaren, dabarar nan ta tafasa azurfa da soda da takardar alminiyom da ake yaɗawa a Facebook kuwa baƙin adon take fara ci.